Faranti Mai Kaushi

Ranar da labarin ya iso wa Munawwara, tana zaune a shago ne tana jiran faranti ya huce.

Injin ya gama aikinsa kafin azahar. Phebe mai ɗinki, maƙwabciyar shagonsu, ta shigo ba sallama, tef ɗin awo a wuyanta. Ta durƙusa ta riƙe mata gwiwoyi, ta ce motar da Hamid ya shiga da safe ta taka nakiya a hanyar Damboa, kuma ba wanda ya fita da rai a kujerar gaba, inda yake zaune.

Munawwara ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta tashi ba. Phebe ta ce ta taso su tafi gida, ita kuwa ta ce a ɗan jira, bai huce ba. Sai da abin da ke kan farantin ya yi ƙas, ya saki da kansa, sannan kuka ya zo mata.

Wanda bai san mafari ba zai ce hankalinta ne ya gushe. Ba haka ba ne.

Shekara biyu da rabi kafin ranar, Munawwara tana tallan man shanu da humrar da mahaifiyarta Iya Fanna take haɗawa. Daga unguwarsu ta Dala take ɗauko kaya ta shiga unguwar Gamboru, shago-shago. Wata Talata ta kai wa Phebe kwalbarta, sai ta ji wani abu yana kuka siririn kuka a ƙaramin shagon da ke manne da nata. Ta leƙa. Wani inji ne kamar akwati, bakinsa yana kai da komo yana zuba zaren roba narkakke layi bisa layi, a kan wani farantin ƙarfe mai ruwan zinariya, mai kaushi.

Ta miƙa yatsa.

"Kada ki taɓa."

Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Saurayin da ya yi maganar dogo ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya ce hannunta duk maiƙo ne. Ta ce ai ba tuwonsa za ta ci ba. Ta ƙara kallon farantin ta ce kamar harshen saniya, sannan ta ɗauki kayanta ta fice, Phebe na dariya har tana dukan keken ɗinki.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta. Phebe ce ta ba da lambar, ba ta kuma taɓa musantawa ba.

"Assalamu alaikum mai man shanu. Ki yafe min tsawar ɗazu. Farantin ne ba ya son maiƙo, ba ni ba. Hamid."

Munawwara aji huɗu ta tsaya a firamare. Daga la'asar har magariba tana haɗa amsa.

"Na yafe. Amma farantin naka ya cika iyayi."

Daga nan Talata ta zama Talata da Alhamis, ta zama kullum. Takan wanke hannu a butar Phebe kafin ta shiga. Hamid ɗan unguwar Shehuri ne, ɗan malami, ya yi karatun injiniya a poli. Da injin yake yi wa mutane abin da ya karye aka rasa a kasuwa: haƙorin injin markaɗe, kan fanka, marfin tankin Keke mai ƙafa uku. Amma abin da ya fi so shi ne hannaye. Garin cike yake da waɗanda bam ya yanke wa yatsu, yakan yi musu na roba, masu igiya a ciki, idan mutum ya lanƙwasa wuyan hannu sai yatsun su damƙe.

Yana kiranta Nuri. Ita tana ce masa Malam Roba.

Wata rana ya ce, "Nuri, kin san tun da kika fara zuwa aikina ba ya lalacewa?"

Ta ce, "Don na daina taɓa maka kwano ne."

"Faranti."

"Duk ɗaya ne, ba a cin abinci a cikinsu."

Ranar da ta ga hannun roba na farko ta ƙura wa hannun ido har ya tambaye ta ko lafiya. Sai ta ba shi labarin mahaifinta.

Baba Abakar makiyayi ne a da. Da daji ya ƙi zama, ya shigo gari da abin da ya rage, ya zama dillali a Kasuwar Shanu. Bam ya tashi kusa da shi shekara tara da suka wuce, ya tafi da yatsu huɗu na hannun damansa. Tun ranar hannun bai sake fita daga cikin riga ba. Ba ya musabaha. Idan ciniki ya faɗa, wani saurayi mai suna Abdulsalami, ɗan abokinsa, shi ke miƙa hannu a madadinsa. Abinci kuwa shi kaɗai yake ci, ƙofa a rufe, don kada wani ya ga dattijo kamarsa yana kai loma da hagu.

Da manyan Hamid suka je Dala neman izini, Baba Abakar ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba, wanda sana'arsa narka roba kamar mai wasan yara. Ya ce ba zai tilasta mata kowa ba, shi bai yi gadon haka ba. Amma Abdulsalami ya riga ya yi magana, kuma shi ya san hannun da ya tsaya masa shekara tara.

Mahaifin Hamid ya ji amsar ya ce shi ke nan. Ba zai sake tura dattawa su sha shayin kunya ba, sai in Abakar da bakinsa ya kira.

Da yamma Hamid ya rubuto.

"Nuri, ban yi fushi da Baba ba. Bai san aikina ba ne. Ki samo min awon hannunsa."

Ta amsa: "Ni kaina rabona da ganin hannun tun ina yarinya."

Iya Fanna ce ta yi aikin. Ita kaɗai ke ganin hannun, don ita ke shafa masa man zafi kowace safiya. Kwana shida tana zagaya zare a wuyan hannun da abin da ya rage na tafin, tana ƙulli, tana ce masa wani magani ne aka ba ta. Ta miƙa wa 'yarta zarurrukan a ƙulle a gefen lafaya, ta ce, "In ubanki ya gane, ni ban san ki ba."

Hamid ya gama zanen a kwamfuta, saura injin ya buga, sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci garin.

Abin da aka gani a kwanakin nan ba ya faɗuwa duka. Gamboru ta zama kogi. Hamid ya fito da injin a ka, ruwa har ƙirji, da naɗin zaren roba guda ɗaya a wuya. Zanen yana ajiye a cikin injin, sauran kayan duk suka tafi. Farantin kuwa ya cire shi don ya wanke, ya jingine a kan kantar shago, a nan ya bari. Shehuri ma ruwa ya shiga, Hamid ya yi kwana goma yana tono littattafan mahaifinsa daga laka, waya ba caji.

Phebe ce ta tsinci farantin da ruwa ya janye, ta ba Munawwara ta ajiye masa.

Munawwara ta kai shi gida ta zauna da shi a bakin rariya. Laka ta bushe a cikin kaushin. Ita dama tun ranar farko ta ɗauka kaushin nan ƙanzo ne, ragowar robar da ta ƙone ta kama, irin na gindin tukunyar da namiji ke girki a ciki. Ta ce a ranta bawan Allah ya rasa komai, bari ko wannan ya same shi sabo. Ta ɗebo toka da yashi da soson ƙarfe. Tun hantsi take dirza har la'asar, har fatar yatsunta ta saluɓe, har fuska ɗaya ta yi sumul tana ganin kanta a ciki. Ɗaya fuskar ƙarfinta bai kai ba, ta wanke lakar kawai. Sai ta ga tsatsa ta fara cin gefe. Ta san ba ya son maiƙo, amma a gidansu duk ƙarfen da ruwa ya taɓa man shanu ake shafa masa. Ta shafe shi ciki da baya, ta ce in ya tashi aiki ya goge.

Ta naɗe shi a sabon ɗankwali ta kai masa ranar da ya buɗe shago.

Hamid ya warware ɗankwalin. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa yatsa a fuskar mai sheƙi, shi da ba ya bari a taɓa.

Ya ce, "Kin kashe shi."

Ta ce ƙanzon ta wanke masa.

"Kaushin shi ne farantin, Munawwara. Shi ke riƙe aikin. Babu irinsa a garin nan, sai an aiko daga Legas, hanya kuma kin ga yadda take." Ya cire tabarau ya murza ido. "Abin da mutum bai sani ba, ba sai ya tambaya ba?"

Bai ɗaga murya ba, amma masu kwashe laka a layin sun ji. Kuma bai ce Nuri ba. Ta ɓoye yatsunta a cikin lafaya, ta juya. A kunnenta abin da ya faɗa shi ne: ke jahila ce.

Kwana goma sha tara ba ta taka Gamboru ba. Saƙonninsa suna shigowa, ba ta buɗewa. Abdulsalami kuwa kullum yana gidan, ya kawo shinkafa, ya kawo ruwan sha a jarka, don a lokacin ruwa mai tsabta ya fi nama wuya. Ba mugu ba ne. Labarin shagon ya kai masa, kamar yadda komai ke kaiwa Kasuwar Shanu. Ya same ta a zaure ya ce mata a hankali, "Ni dai ba zan yi miki faɗa a kan kwano ba."

Baba Abakar ya ce mata mutanen Abdulsalami suna son amsa kafin wata ya mutu. Ta ce to.

Saura kwana biyar Phebe ta zo Dala da kanta, ta zauna a tabarma ta ƙi shan ruwa. Ta ce ita ba aike aka yi ta ba, gajiya ta yi da ganin mutum yana ramewa a gabanta kamar zaren keke. Ta ce Hamid yana ta gwada ɗaya fuskar farantin, mai kaushin. Ya goge da sifirit, ya wanke da sabulu, amma sau uku yana fara hannun Baba, sau uku aikin yana ɗagowa daga gefe ya tattare kamar taliya. Zaren da ya rage na gwaji ɗaya ne.

Munawwara ta tambaya da wane ruwa yake wankewa. Phebe ta ce na jarka mana, wa ke da gawayin dafa ruwa yanzu.

Sai a lokacin ta buɗe saƙonnin. Na ƙarshe gajere ne.

"Phebe ta gaya min yadda yatsunki suka yi. Ni ne ban taɓa yi miki bayani ba, fiye da shekara kina zaune kusa da shi. Laifina ne. Ko ba za ki dawo ba, ki yafe min, Nuri."

Washegari da hantsi ta shiga shagon da fulas biyu na ruwan zafi da ƙyallen atamfa mai laushi. Ba ta gaishe shi ba. Ta ce ya ba ta kwanon.

Ya ce ya wanke shi ya fi sau goma.

"Da ruwan sanyi. Kai da ka yi poli ba ka san man shanu ba? Ruwan sanyi daskarar da shi yake yi, ya shige ramukan ya kwanta. Sifirit ɗinka kuma yawo kawai yake yi da shi."

Ta riƙe farantin ta gefe, ta zuba ruwan zafi, ta sa sabulun ruwa na wanke-wanke, ta bi shi da ƙyalle a hankali kamar mai wanke ƙwaryar nono. Ta ɗauraye. Ta sake. Sau uku. Ta ɗaga shi a rana ta nuna masa yadda ruwan ke kwanciya shimfiɗe, ba ya tsayawa ɗigo-ɗigo. Ta ce haka ake gane ƙwarya ta fita.

Hamid ya jira ya bushe, ya ɗora shi a kan injin, maganaɗisu ya ja shi ya zauna. Ya ce bismillah. Suka sunkuya su biyu suna kallon shimfiɗar farko tana sauka. Ya nuna mata yadda robar ke shiga cikin kaushin ta riƙe, ya ce in wannan layin ya kama, sauran duk za su tsaya a kansa. Layin ya kwanta lif, bai ɗaga ba.

Ya ce, "Mai ƙanzo."

Ta ce, "Kada ka fara."

Kwana biyu ana bugawa, iya hasken rana, don batirin solar ya sha ruwa. Da tafin hannun ya kammala ta kai hannu za ta ɗauko, ya tare ta da murya, a hankali wannan karon. Ya ce a jira. In da zafi, farantin riƙewa yake yi, in ka fizga ko ka sa wuƙa sai ka ɓantaro kaushin. In ya huce shi da kansa zai saki. Suka zauna suna jira. Can sai abin ya yi ƙas.

Iya Fanna ce ta shiga da hannun, ta ajiye kusa da kwanon tuwo, ta ja ƙofa. Ba a jima ba aka ji hannun ya bugi bango. Baba Abakar ya fito yana tambayar wa ya auna shi, wa ya kai sirrinsa kasuwa. Iya ta ce ita ce, in zai sake ta a kan zare to ga ta. Ya koma ciki. Ta ɗauko hannun ta share, washegari ta sake ajiye shi kusa da kwano. Haka rana ta biyu.

Rana ta uku Munawwara ta zo ɗaukar kwanuka, ta tarar ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ta hango mahaifinta zaune, hannun roba ɗaure a damansa, cokali a ciki. Ya lanƙwasa wuyan hannu, yatsun suka damƙe. Miya ta zube a rigarsa. Ya sake. Ya kai baki. Ya daɗe bai haɗiye ba.

Ta koma da baya, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da wata zai mutu, Baba Abakar ya ce a kira masa mai robar nan. Hamid ya zo ya durƙusa a zaure. Dattijon ya fito da hannun daga riga, a gaban baƙo, karo na farko cikin shekara tara. Ya ce babban yatsan yana matsa masa, igiyar kuma ta yi sako-sako, aikin yara dai. Hamid ya ce za a gyara, Baba. Sai ya ɗauko tsohuwar sandarsa ta kiwo ya damƙe, ya jijjiga, ba ta zame ba. Ya juya tafin yana kallon kaushin da farantin ya bari a jiki, ya tambaya wa ya yi dabarar wannan.

Hamid ya ce, "Faranti ne, Baba. Da wadda ta wanke shi."

Baba Abakar ya shafa wurin da yatsan hagu ya ce, "Harshen saniya." Ya dubi Hamid. "Ka ce wa malam ina gaishe shi. Shayin bai ƙare ba."

Baba da kansa ya je ya sami Abdulsalami a kasuwa, ya ba shi haƙuri, ya miƙa masa hannun dama. Abdulsalami ya karɓa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma ya zo ɗaurin auren.

An ɗaura shi ranar Asabar a masallacin unguwa a Dala, ba wani taro, don rabin dangi har lokacin suna zaune a gidajen mutane. Da aka shafa fatiha Baba Abakar ya tsaya a bakin ƙofa ya yi musabaha da kowa, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a gayyata ba. Da aka kawo masa amarya ya ɗora hannun a kanta ya ce Allah ya yi muku albarka, Allah ya sa ku riƙe juna. Iya Fanna ta turara ta da humrar da ta ɓoye tun tana 'yar shekara goma. Phebe ta ɗinka kayan, ta yi rawa a wushe-wushe, shagalin daren biki, har ɗankwalinta ya faɗi.

Saƙon da Hamid ya turo ranar, ana tsakiyar kai amarya, yana nan a wayar Munawwara.

"Mai ƙanzo, an ce in jira. Na iya jira, ke shaida ce."

Wata goma sha ɗaya suka yi. Ya koya mata kunna injin, da zaɓen aiki a cikin waɗanda ya ajiye, da ɗaura igiyar yatsu. Sabon faranti bai taɓa sayowa ba, ya ce wannan ya san hannunta. Ranar da ya tafi, hannu zai kai wa wata mata a Damboa, ya bar wa Munawwara babban yatsan wani ta buga kafin ya dawo.

Da ta shiga takaba, Baba Abakar ya sa aka ɗauko injin aka kawo Dala, aka ajiye a ɗakinta. Yanzu tare suke cin abinci, ƙofa a buɗe. Masu neman hannu suna zuwa, tana yin wanda ta iya, wanda ba ta iya ba ta ce ba ta iya ba.

Kowace safiya, ko da aiki ko babu, in ta ɗora ruwan shayi takan rage kaɗan a buta. Ta ɗauko farantin ta gefe. Fuskar da ta dirje tana nan da sheƙinta, ba ta tsayawa kallonta, juyawa take yi. Ta zuba ruwan zafin a kan kaushin, ta sa sabulu, ta bi da ƙyalle, ta ɗauraye. Ta ɗaga shi a rana ta ga ruwan ya kwanta. Sannan ta jingine shi a bango, ta zauna har ya bushe.